Darasin Turanci: Bambancin "In" da "Da"

Mu ɗauka wani dattijo yana da ɗa mai aiki a Ikko. Ɗan ya aiko da wasiƙa da Turanci, ya ce: If I were rich, I would buy you a bull. Yaron da ya karanta ya ce, "Baba, ya ce in ya sami kuɗi zai saya maka sa." Tsoho ya yi murna, har ya ci bashi da sa ran kuɗi na tafe. Alhali ɗan cewa ya yi ba shi da hali. To, ina aka yi kuskure?

Mu fara da Hausarmu. Muna cewa, "In an yi ruwa, za mu yi shuka." Wannan abu ne mai yiwuwa, muna jiransa. Muna kuma cewa, "Da ni mai kuɗi ne, da na sayi doki." Kowa ya ji wannan ya san ba kuɗi, ba doki.

Mu muna da kalmomi biyu, "in" da "da". Turawa kuwa kalma guda gare su, watau if. Saboda haka sai mu duba kalmomin da ke biye da ita.

1. If it rains, we will plant. In an yi ruwa, za mu yi shuka.
2. If I had a horse, I would ride it. Da ina da doki, da na hau shi.
3. If he were here, he would help us. Da yana nan, da ya taimake mu.

Ku lura da kyau. Inda muka ga will, akwai sa rai. Inda muka ga would, fata ce kawai.

Ga wani abu kuma. Mun saba cewa I was da he was. Amma a maganar abin da ba haka ya ke ba, sai mu rubuta If I were, If he were. A hira wasu kan ce If I was, amma a wasiƙa were ta fi kyau. Mai ba da shawara ma ya kan ce If I were you, watau "Da ni ne kai."

Wanda ya karanta wa wani wasiƙa ya ɗauki amana. In bai gane ba, ya tambayi malami. Da na sani ƙeya ce.

Tambayoyi
1. Mene ne ainihin abin da ɗan ya faɗa wa ubansa?
2. Cika wannan: If she ____ here, she would cook.
3. Juya zuwa Turanci: Da ni ne kai, da na tafi.