Majigi Ya Koma Cikin Waya

Tsofaffinmu a Tsiga sun san majigi. Motar gwamnati ce ke zuwa, a ɗaura farin ƙyalle a dandali, bayan isha'i a haska hotuna, wani mutum yana gefe da lasifika yana bayani da Hausa. Ta haka aka riƙa nuna Baban Larai don koyar da noman auduga. Da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975, da taimakon Bankin Duniya, sai malaman gona suka riƙa shigowa ƙauyuka da takardu masu hotunan taki da iri da feshi. Wasunku sun fi ni sanin wannan.

Yau aikin ya koma cikin waya. Malamin gona na KTARDA, ko ɗalibi daga Samarun Zariya, zai jera darasinsa shafi-shafi a kwamfuta, kowane shafi da hoto da ɗan rubutu a ƙasa. Yawanci da PowerPoint ake yi. Sai a miƙa rubutun ga manhajar ƙirƙirarriyar basira, ta juya shi daga Turanci zuwa Hausa ko wani harshe, ta karanta shi da murya, a haɗa muryar da hotunan, ya zama bidiyo. Shi ke nan. Sauran kun iya: WhatsApp, Xender, ko shagon mai cajin waya. Amfaninsa a bayyane yake, wanda bai iya karatu ba zai ji da kunnensa.

Amma mai lasifikar majigi mutum ne. In ya yi tuntuɓen harshe, dattijo zai ɗaga murya ya gyara masa. Muryar na'ura ba wanda ke katse ta. Ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ba ta san abin da take faɗa ba, kuma da daɗin murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure. Saboda haka: kada ka tura bidiyon da ba ka saurara ba tun daga farko har ƙarshe. In akwai awo a ciki, kada ka tura sai ka duba jikin kwalba.

Ga abin da ya faru a gidan Malam Audu.

An idar da magariba, an ajiye tuwon masara da miyar kuka. Nura, ɗansa na uku, ya shigo yana washe baki, waya a hannu.

"Baba, na gama bidiyon da ƙungiyarku ta ce a yi. Daga takardar malamin gona na ɗauko. Ji yadda take Hausa!"

Muryar ta fara. Malam Audu ya ajiye loma yana gyaɗa kai. "Kai, wannan ai ta fi mai karanta labarai. Tura wa Tanko, shi ke raba wa jama'a."

Inna Ladi tana bakin murhu tana kankare tukunya. Ɗalibarmu ce, wata biyar ke nan tana zuwa ajinmu na koyon karatu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Maimaita wurin nan."

"Wane wuri, Inna?"

"Inda ta ce lita goma sha biyar."

"Ke Ladi, ina ruwanki da maganin ciyawa?" in ji Malam Audu.

"Malam, ni ke dafa abin da ya fito daga gonar. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ka sayo lita 15 ba. Da me za ka biya, da akuyata?"

Yara suka fashe da dariya. Ta goge hannu a zane, ta karɓi wayar, ta nisanta ta daga ido kamar yadda take yi wa allo a aji. A shafin an rubuta 1.5. Ta ɗora farce a kan ɗigon.

"Wannan ƙurjin da ke tsakanin ɗaya da biyar, malaminmu ya ce ba ado ba ne. Ɗaya da rabi ke nan."

Nura ya sosa ƙeya. "Wallahi Inna, sai dai ko wajen kwafa ɗigon ya faɗi."

"Ka saurara kafin ka kawo?"

"Na ji farkonsa."

"Farkonsa! Ɗauko kwalbar a ɗakin babanka, mu ga abin da masu maganin suka rubuta."

Malam Audu ya jawo kwanonsa, ya ce tuwo na hucewa.

Ɗigo ɗaya ya ninka awo sau 10. In aka bi wannan awo, kuɗi ya tafi, shuka ta ƙone, mai feshi ya sha guba ta fata da hanci, ruwan sama kuma ya wanke sauran zuwa rafin da dabbobi ke sha. Ba a nan kaɗai na'ura ke tuntuɓe ba. Takan haɗa hekta da eka, alhali hekta 1 ta kusa eka biyu da rabi. Awon gona guda daban, awon injin feshi na goyo mai cin lita 16 daban. Rubutun boko kuma ba ya nuna hawa da saukar murya, masu buga shi sukan bar ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, sai na'ura ta yi ta canki-canka. In ka ji wata kalma ta yi maka baƙunta a kunne, tsaya, koma baya.

Mai yin bidiyo, gajerun jimloli za ka rubuta, shafi ɗaya magana ɗaya. Awo kuwa rubuta shi da kalmomi, "ɗaya da rabi", kuma ka sa hoton ma'aunin. In bidiyon na Fulatanci ne, nemo Bafulatani ya saurara, kada ka ce ai daga na Hausa aka juyo. Ka faɗi wanda ya shirya darasin da shekarar da aka yi shi. Tsutsar da ke cinye masara ta ɓulla a Nijeriya a 2016, kuma shawarar yaƙarta ta sha sauyawa tun lokacin.

Wanda ke ba ni haushi shi ne irin su Tanko, kuma kowace unguwa da nata. Bidiyo zai shigo masa yana kan babur, ko buɗewa bai yi ba ya watsa wa zaure uku, ya ɗora da "a taimaka a yaɗa". In gonar wani ta ƙone, sai ya ce shi ma turo masa aka yi. Wa ya hana ka minti 3 na saurare? Mutumin da ba zai sayi buhun masara a kasuwar Bakori ba sai ya zura hannu har ƙasa, shi ne ke raba awon guba ido rufe!

Gobe kowa ya zo aji da kwalbar maganin feshi wadda ba komai a ciki, an ɗauraye ta sau uku, murfinta a rufe, a cikin leda. Za mu nemo lambobin da ke jiki, mu ga masu ɗigo da marasa ɗigo. Wanda ke da bidiyon noma a wayarsa ya riƙe shi tukuna, a nan za mu saurare shi tare.