Yadda Ake Canza Salansar A-Kori-Kura Ba Tare da An Kashe Mata Ƙarfi Ba

Ƙanena yana da Hilux mai injin fetur lita 2.7, da ita yake jigilar hatsi daga Dawanau. Wata rana ya kai ta wurin mai walda, aka yanke tukunyar salansa, aka zura mata bututu mai faɗin inci 3 tun daga tsakiya har baya. Da ya dawo gida, tun daga bakin layi muke jin rugugin motar. Washegari aka ɗora mata buhu 8 na masara, sai ya kira ni: "Yaya, motar nan ta yi sanyi. Gadar da nake hawa da giya ta uku, yau sai da na dawo ta biyu." Abin ya dame ni, domin da wannan motar yake ciyar da iyalinsa.

Ga abin da ya faru. Hayaƙi ba ya fita daga inji a zube kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita, kowace silinda da lokacinta. Duk bugun da ya wuce da gudu yana barin gurbi a bayansa, gurbin kuma shi ke janyo hayaƙin silinda ta gaba, ya share wuri don sabuwar iska da mai su shiga. Manomin rani ya san wannan: ruwa a siririn magudani gudu yake yi har ya kwashe yayi, amma a faffaɗan wuri sai ya lafa. Bututun da ya yi wa inji faɗi yana kashe gudun hayaƙi a lokacin da inji ke juyawa a hankali, wato daidai lokacin da mota mai kaya ke neman tashi ko hawan tudu.

Saboda haka matakin farko shi ne ka san injinka. Idan ba shi da tabo (turbo), kamar 2TR na fetur ko tsohon 5L na dizal, faɗin bututu da tsawonsa suna taɓa ƙarfin ja kai tsaye. A inji mai silinda 4 irin wannan, inci 2.25 zuwa 2.5 ya wadatar. Idan kuwa mai tabo ne, kamar 2KD ko 1KD, lissafin ya bambanta: hayaƙi ya riga ya gama aikinsa a jikin farfelar tabo, don haka duk sauƙin da ya samu bayan nan yana taimaka wa tabo ya ɗauka da wuri. Irin wannan ne ke karɓar inci 3.

Mataki na biyu, ka auna motar kafin kowa ya taɓa ta. Zaɓi tudu guda da ka saba hawa, ka ɗora kayan da ka saba ɗauka, ka rubuta giyar da ta hau da shi da gudun da ta kai sama. Ka cika tanki, ka yi aikin mako guda, ka sake cikawa, ka rubuta lita nawa ta sha a kilomita nawa. Kunne yana ruɗin direba, da ya ji ƙara sai ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru.

Na uku shi ne wanda na fi so a tsaya a kansa, domin yawancin motocin da ake kai wa "a buɗe musu salansa" ciwo ne ke damunsu. Da sassafe, inji na sanyi, ka tayar da motar a fili, ka saurari wajen manifol. Idan kana jin wani tas-tas da ke raguwa in inji ya ɗau zafi, gaskit ya huje ko manifol ya tsage. Ka duba mahaɗan bututu, baƙin toka a gefensu alamar yoyo ce. Yoyon da ke gaban sensar iska ta farko ya fi ɓarna, saboda iskar waje na kutsawa ta nan, sensa ta gaya wa kwamfutar mota cewa mai ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara mai. Sai ka ga mota na shan fetur, fulogi na baƙi. Toshewa kuma ana gane ta idan mota ta tashi lafiya amma ta ƙi ɗaukar wuta a kan titi. Makanike zai iya kwance sensar nan ya ɗaura ma'aunin matsi a raminta. In ya haura psi 3 alhali inji na juyi 2,500 a minti, akwai abin da ya toshe.

Na huɗu, idan ka tabbata canji kake so, ka tsaya daga bayan katalis, abin nan mai kama da saƙar zuma da makanikai ke kira indomi. Za a ce maka a cire shi mota ta yi numfashi. Ka sani a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa yake da masu saye, kuma shi ya sa wasu ke kwaɗaitar da kai. Lafiyayyen katalis ba ya tauye wani ƙarfin a-zo-a-gani. Shi ne ke rage gubar hayaƙin da yaran mota da fasinjojin baya ke shaƙa, kuma in an cire shi fitilar inji na iya kamawa ta ƙi mutuwa, har ranar da wata matsala ta gaske za ta zo ba ka lura ba. In ya narke ko ya toshe, a canza shi, sannan a nemo abin da ya kashe shi, galibi fulogi mai fashi ko inji mai shan baƙin mai.

Wajen sayen tukunya, a kasuwar Ƙofar Ruwa ne ko Panteka, ka ɗaga ta ka leƙa. Wadda hanya ta ratsa ta a miƙe, da ƙananan huji a jikin bututun ciki, ta fi sakin hayaƙi. Ka girgiza ta, in ka ji ɓaraguzai na kaɗawa a ciki, ajiye ta. Sannan ka tsaya a kan mai walda lokacin lanƙwasa bututu. In ya murƙushe kwana ta shafe, inci 2.5 ɗinka ya koma 2 a wurin, kuɗin faɗin ya tafi a banza.

Na biyar, ɗauri. A mayar da robobin rataya duka, kada a liƙe bututu da shasi, don inji na motsi, ƙarfen da aka ƙage kuwa zai tsage a manifol. A sa sabon gaskit. A nisanta bututu daga tiyon burki, tankin mai da safayar taya, bakinsa kuma ya fito waje da bodi, kada ya tsaya a ƙarƙashi. Iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, kuma tana kisa.

Daga nan sai ka koma tudunka da kaya iri ɗaya, ka sake lissafin tanki, ba tare da ka canza wani abu dabam a makon ba. Mun mayar wa ƙanena bututu mai inci 2.25 da tukunya mai miƙaƙƙiyar hanya, muka kuma tarar da gaskit ɗin manifol a ƙone, muka canza shi. Ranar Litinin ya hau gadar da giya ta uku, buhu 8 na bayansa.