Rawar Jiki Ba Shaida Ba Ce

 Ɗana, saƙon muryarka ya iso daga Jidda. Yaran gida sun kunna mini shi bayan isha'i, na sa suka maimaita har sau uku. Na ji shawarar da kuka yanke kai da abokanka: a haɗa kuɗi, a ɗauki yaron nan da ya yi tafiyar ƙarshe da ƙanenka, a kai shi ƙasar da ake da na'urar gano ƙarya, a ɗaura masa. In ya ƙi zuwa, kuka ce, to ya tona kansa da kansa. Maganar ma ta riga saƙonka isowa, domin tun makon jiya take yawo a wayoyin samarin hilla, wato ƙauyen nan namu.

Ban ga laifinka ba. Ni na yi wa ƙanenka huɗuba ran da aka haife shi, a hannuna ya koyi riƙon fartanya. Tun Disamban 2023, lokacin da Madani ta faɗa hannun dakarun Da'amus Sari' jama'a suka kwararo kudu ta hanyar Sinnar, wasu a lori, wasu a karo, wasu a ƙafa, ban yi barcin kirki ba. Ƙanenka da yaron nan, su biyu suka taso da raksha, babur mai ƙafa uku. Bayan kwana huɗu ɗaya ya shigo gari ba takalmi, ya ce wasu masu bindiga sun tare su gaba da Hajj Abdallah, sun karɓe rakshar, sun jefa ƙanenka a mota, shi kuma suka yi masa duka suka bar shi a gefen hanya. Daga ranar shiru. Mutuwa tana da nauyi, amma tana da iyaka: a yi wanka, a yi salla, a zauna makoki kwana uku, a raba sadaka. Ɓata ba shi da ranar tashi daga tabarma. Har yau in aka taɓa ƙyauren gida da dare, mahaifiyarku ce ke riga kowa miƙewa. Zuciyar da ta daɗe ɗauke da irin wannan kaya neman inda za ta sauke take yi, kuma babu wuri mafi kusa kamar kan wanda ya dawo da rai.

Ka lissafa hujjojinku. Jikinsa na rawa in an ɗauko zancen. Ya taɓa cewa Talata, daga baya ya ce Laraba. Ya ce mutum uku ne, wata rana ya ce biyar. Ya daina shigowa gidanmu, in ya haɗu da mahaifiyarku sai ya sunkuyar da kai. To ɗana, wane yaro mai tarbiyya ne a hillar nan yake haɗa ido da uwar abokinsa, balle uwar da ya fita da ɗanta ya dawo shi kaɗai? Kuma waye a Jazira da Sinnar jikinsa ba ya rawa yau? Ni da ke ba ka wannan labarin, in iska ta buga ƙofar langa-langa, kofin shayi suɓucewa yake daga hannuna. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Wanda aka ɗora wa bakin bindiga a ƙeya ba ya ƙirga kawuna, ba ya duba kwanan wata. Da ya zo mana da labari a jere tsaf kamar hadda, kullum kalmomi iri ɗaya, da shi ne zan fi jin tsoro.

Bari in gaya maka abin da na sani game da na'urar, domin shekarun da na yi ina koyarwa sun bar mini ɗabi'ar bin diddigin abu. Sunan da aka laƙaba mata ya fi ta girma. Ana ɗaura wa mutum abin awon jini a dantse, irin na asibiti, a zagaya masa robobi biyu a ƙirji da ciki don bin numfashi, a maƙala masa wasu ƙananan ƙarafa a yatsu don jin gumi. Sai a yi ta jefa masa tambayoyi, wasu na banza, wasu na tsokana, wasu kan ainihin zargin. Na'urar ta zana layuka, mai gwajin ya duba ya ce ga inda jini ya hau, ga inda numfashi ya sarƙe. Iyakar aikinta ke nan. Tashin hankali take aunawa. Tashin hankalin maƙaryaci da na mai gaskiyar da ke tsoron kada a ƙaryata shi, da na wanda aka tuna masa ranar da ya ga mutuwa, duk layi iri ɗaya suke zanawa. Hukuncin kuwa na mutumin da ke zaune bayan tebur ne.

Su kansu masu ita ba su gama yarda da ita ba. Wani ɗan sanda mai suna John Larson ne ya haɗa irinta ta farko a garin Berkeley na Amurka a 1921. Shekara biyu bayan haka wata kotu a Washinton ta ƙi karɓar gwajin hawan jini irin wannan a matsayin shaida. A 1998 kotun ƙolin Amurka ta ce masana ba su haɗu a kan ingancinta ba, a 2003 kuma majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta fitar da dogon rahoto mai nuna cewa ta fi cankar makaho, amma kuskurenta yana da yawa, kuma ana iya koyon yaudararta. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na yankin Seattle, inda 'yan mata suka yi ta ɓacewa tun 1982. An ɗaura wa wani direban tasi na'urar, ta ce ƙarya yake yi, aka yi ta bibiyarsa ana zubar masa da mutunci, alhali ba shi da hannu. A 1984 aka ɗaura wa Gary Ridgway, ta wanke shi, ya koma gida. Sai a 2001 gwajin ƙwayar halitta ya kama shi, a 2003 ya amsa da bakinsa cewa ya kashe mata 48. Mai laifin zuciyarsa a bushe take, shi ya sa jininsa bai hau ba.

Mu ma muna da irin tamu na'urar tun kafin ta Bature. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne in ana zancen yunwa, ko soyayya, ko ɓacin rai tsakanin miji da mata. Amma ba a yanke wa mutum hukunci da shi. Ka tuna ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, wadda ita ce babbar ƙissar ɓataccen ɗa. Waɗanda suka jefa shi rijiya da kuka suka dawo wa mahaifinsu. Hawayensu bai zama gaskiya ba. Daga baya, a gidan Azizu, da aka yi masa ƙazafi, ba fuskar kowa aka duba ba, riga aka duba, aka ga ta baya ta yage. Abin da hannu zai taɓa, ido ya gani, shi ya raba gardama. Ko a kusa-kusan nan, ka ji labarin Hanifa a Kano, yarinyar da aka sace a ƙarshen 2021: mai makarantarsu da kotu ta yanke wa hukuncin kisa a 2022 yana cikin waɗanda suka je yi wa iyayenta jaje. Wa ya karanta fuskarsa a ranar?

Wasu ƙabilun Larabawan daji a Masar har yanzu suna da abin da suke kira bisha'a, a gasa ƙarfe a wuta a sa wanda ake zargi ya lasa, in harshensa ya ƙone shi ne mai laifi. Tsoro na busar da yawu, busasshen harshe kuwa ƙonewa yake, ko na waliyyi ne. Haka mai watsa wuri da mai bugun ƙasa. An kai musu maganar ƙanenka ba sau ɗaya ba, ba da yawuna ba, kuma kowannensu amsa ɗaya ya bayar: na kusa ne. Ba su taɓa cewa na nesa ba, domin na nesa ba ya sa a dawo gobe da wani kuɗin. Na'urar da kuke magana ƙanwarsu ce, ta sa kwat ne kawai.

Abin da ya hana ni barci daren jiya kuwa wani ne daban. Kai kana Jidda, kalmar da ka furta a can tana sauka a kasuwar nan kafin ka ajiye wayar, a wurin da bindiga ta fi fartanya yawa. Ba mu manta Yulin 2022 ba, lokacin da rikici ya tashi a Ƙaisan ya bazu zuwa Rusairis da Damazin, aka rasa fiye da mutum 100, 'yan'uwanmu suka kwararo nan ba komai a hannunsu. A Oktoba abin ya sake barkewa a Wad al-Mahi, ya fi na farko muni. Akwai maganar ƙasa da ta sarauta a ƙarƙashi, amma abin da ya hura wutar shi ne an ce, an ce, daga waya zuwa waya. Bayan haka sai ga sabuwar kalma ta shigo bakin mutane, muta'awin, wato mai haɗa baki da abokan gaba. A Kambo Tayba, gabas da Madani, ran 10 ga Janairun 2025, kwana ɗaya kafin sojoji su koma birnin, an kashe aƙalla mutum 26 daga cikin ma'aikatan gona, a lokacin da ake jifan mutanen kambo, wato matsugunan ma'aikatan gona, da wannan zargi. Na ga an fara raɓa kalmar a jikin yaron nan. Ɗana, wannan ba kalma ba ce, wuƙa ce.

Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin ɗacinta. Tun da kakanninmu suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka sauka a gaɓar kogin nan, suka yi noma, suka ciri auduga a gonakin Jazira, har gobe akwai mai duban fuskarmu ya ce mu kawo takardar kakan kakanmu. An sha yanke mana hukunci da kallo. Ba zan so mu auna wa ɗan maƙwabcinmu da mudun da muke kuka da shi ba. Mahaifinsa sahu ɗaya muke tsayawa da asuba, ruwan tur'a ɗaya, magudanar ban-ruwa, muke jira. Ƙin zuwa gwaji kuma ba amsa laifi ba ne. Yaron da ba shi da fasfo, ga tsohuwa a ɗaki, a ce ya bi mutanen da suka riga suka yanke masa hukunci zuwa wata ƙasa, ko ni ne ba zan je ba.

Ban ce na wanke shi ba. Allah kaɗai ya san abin da ke cikin ƙirji. In aka ga rakshar a hannun wani nasa, ko wayar ƙanenka, ko kuɗin da ya shiga asusunsa na Bankak ba dalili, ni da kaina zan sa rawanina in kai maganar gaban hukuma. Shari'a mai ƙara ta ɗora wa kawo hujja, ba ta ce wanda ake zargi ya tsaga ƙirjinsa a gani ba. Har yau kuwa babu wanda ya kawo mini ko zare.

Ga abin da na yi. Na kira shi bakin kogi, mu biyu, ba taro, na sa aka kawo shayi. Ban tambaye shi me ya yi ba, na tambaye shi me ya gani. Zaman farko kuka kawai ya yi, na bar shi. A zama na uku ya tuno launin motar, ya tuno wata ƙonanniyar lori kusa da gadar tur'a, da wata mai shayi da ta ba shi ruwa, da wani magidanci da aka ɗauka tare da ƙanenka, wanda ya ji yana kiran sunan garinsu. Wannan sunan garin shi ne zare na farko da muka samu cikin wannan dogon lokaci, kuma daga bakin wanda kuke so a ɗaure ya fito. In kuka razana shi ya tsallaka Gadarif ko Habasha, idon da ya ga ranar ya tafi ke nan.

Kuɗin da kuka haɗa yana da wurin zuwa. Akwai ofishin Hilal Ahmar da ke aiki da Red Cross wajen neman waɗanda suka ɓace, ana cika takarda da suna da hoto da alamar jiki da tufafin da mutum ya fita da su da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe. Akwai rahoton da ya kamata a shigar wa 'yan sanda da masu gabatar da ƙara, a karɓi lamba a ajiye. Bayan sojoji sun koma Khartum a Maris ɗin 2025, an fito da mutane daga wuraren da aka tsare su, a Jabal Auliya da wasu wuraren, sun rame kamar kara. Irin waɗannan su ne suka san wa suka kwana da shi a ɗaki ɗaya, kuma zuwa wurinsu yana cin kuɗin mota. Ka kuma ja kunnen 'yan'uwanka game da masu bugo waya su ce ƙanenka yana hannunsu a tura kuɗi. Kada a tura ko fam ɗaya sai an ji muryarsa, an yi masa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta.

Maganar matar ƙanenka ma a daina yanke ta a wayoyi. A Risala mun karanta cewa matar wanda ya ɓace tana kai ƙara ga alƙali, a bincika, a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta wanda ya ɓace a zaman lafiya da wanda ya ɓace cikin fitina, wannan kuwa aikin alƙali ne. Yarinyar tana nan gidanmu da ɗanta, ba ta ce ta gaji ba, kada a gajiyar da ita da surutu.

Ran Asabar in Allah ya kai mu zan shiga motar Sinnar, daga can in nemi ta garin magidancin nan. Yaron ya ce zai raka ni, domin zai gane gadar in ya gan ta. Ka turo mini hoton ƙanenka na ranar ɗaurin aurensa, wanda tabon goshinsa ya fito sosai, na wurinmu ya dushe. Ka kuma kira mahaifiyarka gobe da hantsi, kada ka ɗauko mata zancen na'ura, ka tambaye ta ƙafarta da ke ciwo.