Kafin Ku Ƙara Fanel, Ku Dubi Waya

'Ya'yana, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareto ya fi ƙarfin gidaje da yawa, rufin unguwanni kuma ya cika da fanel ɗin sola. Ina jin daɗin yadda kuke ɗawainiyar sa wa iyayenku wuta, Allah Ya yi muku albarka. Abin da ke damuna shi ne yadda ake faɗaɗa aikin. An fara da fanel biyu da batir ɗaya don fitila da fanka. Buɗi ya zo, an sayo firij, sai a hau rufi a ƙara fanel huɗu, a bar siririyar wayar nan ta farko a wurinta. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan.

Ku zauna da biro da takarda tukuna. Kayan da ke jan wat 1,200, in tsarinku na bolt 12 ne, amfiya 100 ce za ta bi ta cikin waya. In kuka koma bolt 24 ta zama 50, a bolt 48 kuwa 25 kacal. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin duk lokacin da amfiya ta ninka biyu, zafin da waya ke yi ninkawa huɗu yake. Shi ya sa idan kaya suka yi yawa, ɗaga bolt ya fi tara fanel a kan tsohon tsari, ko da hakan zai sa a canza inbata. Wayar da kuka taɓa da rana tsaka kuka ji ta da zafi, wutar da kuka saya da guminku take ƙonawa, wata rana kuma silin za ta kama. Ku sayi mai kauri ta jan ƙarfe zalla. Akwai ta alminiyam da aka shafa wa launin jan ƙarfe, ku kankare bakinta ku gani kafin ku biya. Araha ba ta ado.

Haɗin fanel ma iri biyu ne. In kun jera su wannan cikin wancan, bolt ne ke taruwa, in kun haɗa su kafaɗa da kafaɗa, amfiya ce ke taruwa. Kowace kwantirola an rubuta iyakar bolt ɗin da take ɗauka a jikinta. Kada ku matse ta a bakin iyaka, don fanel ya fi ba da bolt da sanyin safiyar hunturu, a lokacin ne ta kan ƙone.

Kada ku haɗa sabon batir da tsoho, tsohon zai janyo sabon ƙasa. Mai ruwa da na litiyam kuwa ko kusa, cajinsu ba ɗaya ba ne.

Sai maganar ranku, wadda ta fi min duk waɗannan. Kashe inbata ba ya kashe fanel. Muddin rana na dukansa, akwai wuta a wayarsa. Wajen kwancewa ku fara cire fanel sannan batir, wajen ɗaurawa batir ne farko. Ku sa fis ko bireka na wutar batir dab da batirin, ku cire zobe da agogon ƙarfe kafin ku ɗauki sifana. In gidan yana da wutar Nepa, lallai a sa canja-oba, kada wutarku ta koma layi ta sami ma'aikacin da ke bisa turke.

Na san ƙuruciya, kowa yana son a ce shi ya haɗa da hannunsa. Ku koya, ina goyon baya. Amma ranar sake wayarin, ku kira ƙwararren mai gyaran wuta, ku tsaya kusa da shi kuna tambaya, ku biya shi haƙƙinsa.