Makin Gwajin Basira na Intanet: Basira Yake Aunawa ko Harshe?

Gabatarwa

Ɗalibai da dama sun taɓa cin karo da shafukan intanet masu alkawarin auna basirar mutum cikin minti ashirin. A jero masa tambayoyi, ya amsa a wayar salula, a ƙarshe a fito masa da lamba. A ɗauka wani ya samu 131 a wannan shafi, ya kwana yana murna, kashegari ya gwada wani shafin ya samu 102. Ƙwaƙwalwarsa ba ta ragu cikin dare ɗaya ba, saboda haka shakkar da ta ɗarsu a ransa tana bisa hanya. Lamarin kuwa ba na wasa ba ne, domin akwai wanda irin wannan lamba ke karya wa gwiwa har ya fara zaton bai cancanci karatun jami'a ba. Wannan maƙala za ta duba asalin lambar da kuma hannun da harshe yake da shi a cikinta.

Asalin makin

A shekarar 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajinsu a birnin Paris, da nufin gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. A 1912 Bajamushe William Stern ya kawo shawarar a raba shekarun tunanin yaro da shekarunsa na haihuwa, daga nan aka samo abin da Faransanci ke taƙaitawa da QI. A 1939 David Wechsler ya zo da wani lissafin a Amurka, wanda aka fi bi a yau: a gwada jama'a masu yawa, a sanya matsakaicinsu a kan 100, sannan a kwatanta kowa da tsararsa. Bisa wannan tsari, kusan kashi biyu cikin uku na mutane suna tsakanin 85 da 115, waɗanda suka haura 130 kuwa kimanin biyu ne cikin ɗari.

Ke nan makin ba awo ba ne irin na tiyar hatsi. Matsayi ne a cikin sahu, kuma ba shi da ma'ana sai an san sahun su wane ne. Gwajin ƙwararru yana bayyana mutanen da aka kafa shi a kansu, da ƙasarsu da harshensu, yana kuma ba da sakamako tare da tazarar kuskure. Yawancin shafukan intanet ba sa faɗin ko ɗaya. Wasu ma sai an biya kuɗi suke nuna sakamakon, mai sayar da takardar yabo kuwa ba ya son ɓata wa mai saye rai.

Inda harshe yake ɓuya

Misali na farko shi ne jerin baƙaƙe: A, C, E, me ya biyo baya? Wanda ya bi abacadan Faransanci zai ce ana tsallake harafi ɗaya, amsa G ce. Amma a abacadan Hausa tsakanin a da c akwai b da ɓ, tsakanin c da e akwai d da ɗ. Haruffa biyu ake tsallakewa, kuma in ba a lissafa tagwayen baƙaƙe ba, amsar ita ce H. Dukansu biyu sun yi tunani daidai, na'urar kuwa ɗaya kaɗai za ta ba maki.

Na biyu shi ne kwatancin kalmomi, irin wanda ake cewa matsayin uba ga ɗa shi ne matsayin oncle ga wa? Bafaranshe yana da neveu a bakinsa. Bahaushe kuwa ya bambanta kawu da baffa, kuma ɗan wansa ko ɗan ƙanensa ɗansa yake kiransa. Dole ya tsaya ya fassara tsarin dangantaka zuwa wani tsarin, alhali agogon gwajin yana tafiya.

Na uku shi ne fitar da bare: ƙwarya, ludayi, tukunya, gero. Ɗan makaranta zai fitar da gero, domin sauran kayan aiki ne. Manomi yana iya fitar da tukunya, domin ita kaɗai aka gina da yumɓu, sauran daga gona suka fito. Irin wannan ne Michael Cole da Joseph Glick da abokan aikinsu suka tarar wajen al'ummar Kpelle ta Laberiya, a binciken da suka wallafa a 1971: manoma sun fi haɗa abubuwa bisa amfaninsu, kamar wuƙa da abin da ake yankawa da ita, maimakon bisa jinsinsu.

Gwajin siffofi fa?

Ana iya cewa gwajin zane-zane, irin wanda John Raven ya fitar a Ingila a 1938, ya kuɓuta daga wannan matsala tunda babu kalma a cikinsa. Sai dai karanta jadawali layi-layi da neman doka ɗaya tak a cikinsa sabo ne da makarantar boko ke koyarwa. James Flynn ya nuna cewa a ƙasashe masu arzikin masana'antu maki ya riƙa ƙaruwa da kimanin uku a kowace shekara goma cikin ƙarni na 20, kuma ƙarin ya fi yawa a irin waɗannan gwaje-gwajen siffofi. Halittar ɗan Adam ba ta sauyawa da wannan sauri. Abin da ya sauya shi ne karatu da lafiya da yanayin rayuwa. Haka kuma wanda ya yawaita buga waɗannan wasanni makinsa yakan hau, don ya saba da salonsu.

Kalmar kanta

Akwai kuma batun ma'ana. Abin da Faransanci ya dunƙule a kalmar intelligence, Hausa ta rarraba shi: basira, hazaƙa, azanci, wayo, hankali. Yaro mai hankali shi ne mai natsuwa da sanin ya kamata. Wayo kuwa halin Gizo ne, ana yaba shi ana kuma tsoronsa. Gwajin minti ashirin yana taɓa wani yanki na basira da saurin ganewa, bai san inda hankali yake ba.

Kammalawa

Wannan ba ya nufin gwajin basira banza ne. A hannun ƙwararre, cikin harshen da wanda ake gwadawa ya naƙalta, yana da amfani wajen gano yaron da ke buƙatar taimako, kamar yadda Binet ya nufa. Wasannin intanet ma suna wasa ƙwaƙwalwa, lambar ƙarshen ce ba abin dogaro ba. Ga ɗalibin kimiyyar harshe, ribar tana cikin tambayoyin kansu. Ya ɗauki guda goma, ya mayar da su Hausa ko Zabarmanci, ya ƙirga nawa ne amsarsu ta tsaya yadda take, sannan ya bayyana abin da ya kayar da sauran.