Wutar ɗumi a tsakar gida

In hunturu ya kama, daga watan Disamba har Fabrairu, kowa yana son ɗumi. Da magariba sai a hura wuta tsakar gida. Tsofaffi su miƙe ƙafa, yara su kewaye, ana tatsuniya ana gasa gujiya. Ba wanda ya hana wannan. Amma wutar ɗumi tana da ƙa'idodinta, don lokacin ɗari komi ya bushe ƙayau: danni, zana, jinkar ɗaki, har karan da aka jibge wa bisashe bisa rumfa. Ga iska kuma.

Mu fara da wurin hurawa. A haƙa ɗan rami, a share kewayensa tsaf, a aje tulun ruwa ko kwanon rairayi kusa. Ramin ya yi nesa da danni, ya yi nesa da rumbu. Rumbu fa shi ne abin tsoro. Tartsatsi guda in ya faɗa bisa jinka, hatsin da aka sha wahalarsa duk damina zai ƙone tun ba a jawo guga biyu daga rijiya ba. Kuma dannin da ya raba ka da maƙwabcinka, ta nan wuta take ƙetarawa gidansa. Shi ya sa a ƙauyuka da yawa ake gina rumbuna bayan gari. Wani wuri ma mai gari yakan sa a yi shela: ranar da iska ke bugawa, kada kowa ya hura wuta a fili. Wanga umurni ya kamata a bi shi, ko da ana jin sanyi.

Leda da tsohuwar taya ba makamashi ba ne. Hayaƙinsu yana cutar da ƙirji.

In an tashi kwana, a kashe wuta da ruwa ko ƙasa. Toka tana ɓoye garwashi har asuba, iska ta zo ta tone shi. Wasu kuma sukan kwashi garwashin su shiga da shi ɗaki, su rufe ƙofa da taga. Kada mu yi haka. Gawayi mai ci yana fitar da wata iska mai guba, ba a ganinta, ba a jin warinta. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri, ya yi barcin da ba ya tashi. Wanda aka iske haka, a buɗe ƙofa, a fitar da shi waje, a kai shi likita maza-maza.

Bayan ƙa'idar gari, akwai ta gwamnati. Dokar daji ta ƙasarmu Nijar, ta shekarar 2004, ta tanadi hukunci ga wanda ya sa wa daji wuta. Ma'aikatan gandun daji ke sa ido kan wannan. Matafiyi da ya dafa shayi ya bar garwashi, ko yaro mai farautar gafiya, suna iya ƙone ciyawar da garke ɗari za su ci har rani. A arewa, wajen Abalak da Barmo, ciyawa ita ce rumbun makiyayi. Don haka ne bayan damina ake share dogayen hanyoyi masu faɗi cikin daji, domin in wuta ta iso nan ta rasa abin ci, ta tsaya.

In gobara ta tashi, a yi kururuwa, a fara fitar da yara da tsofaffi kafin kaya. Mazauna birni kamar Maradi ko Damagaram su kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.