Madogara da Manazarta: Jan Hankali ga Masu Rubuta Kundi

Ya kai ɗalibi mai shirin rubuta kundin digiri, ka sani malamin da zai duba aikinka sau da yawa daga baya yake farawa. Shafin manazarta yake fara buɗewa, don a nan ake gane wanda ya karanta littattafai da wanda ya ji sunayensu kawai. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai an ce wane ya ji daga wane, har zuwa tushe. Amfanin madogara ke nan: mai karatu ya iya bin sawunka har ya kai ga shafin da ka ɗauko maganar.

Salon rubuta ta iri-iri ne. Akwai na Chicago, wanda ya fara fitowa a 1906, akwai MLA, akwai kuma APA na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019. Kada ka zaɓa da kanka. Je ka ofishin sashenku ka tambayi wanda suke bi, ka riƙe shi tun daga babi na ɗaya har ƙarshe. A salon APA, cikin rubutu ana sa sunan marubuci da shekara, a ƙara lambar shafi idan kalmominsa ka ɗauko. Bugu na bakwai ya daina buƙatar sunan garin da aka buga littafi, ko da yake har yau wasu malamai na neman a sa.

Inda ɗalibanmu suka fi tuntuɓe shi ne sunaye da shekaru. Ibrahim Yaro Yahaya, marubucin Hausa a Rubuce na 1988, a manazarta Yahaya, I. Y. yake zama. Sa'idu Muhammad Gusau kuwa Gusau, S. M. ne, ko da yake sunan gari ne, tunda shi ya sa a ƙarshen sunansa. Yadda mutum ya rubuta sunansa a bangon littafi shi ake bi, kuma ba a sa Farfesa ko Alhaji ko Malam, komai girmansa a idonka. Idan suna ya zo ɗaya, kamar Paul Newman mai littafin nahawu na 2000 da Roxana Ma Newman mai ƙamus na 1990, sai a haɗa da harufan farko don a bambanta.

Batun shekara ya fi wannan ɓata aiki. Sai ka ga an rubuta Magana Jari Ce na Abubakar Imam da shekarar 1937, sannan a ce kamfanin ɗab'i na NNPC ne ya buga. To, ai NNPC sai a 1966 aka kafa shi! Ɗalibin ya haɗa shekarar bugun farko da maɗaba'ar bugun da ke hannunsa. Shafuka kan sauya daga bugu zuwa bugu, saboda haka ka ba da bayanin wanda ka riƙe ka karanta, ka nuna shekarar asali a gefensa.

Idan ba ka ga littafi da idonka ba, a aikin wani ka tsinci maganar, faɗi haka: wane ya ce, kamar yadda wane ya ruwaito. Kwafe manazartar wani kundi ɗungurungum satar fasaha ce, kuma kurakuran mai kundin za ka gada.

Saura hira. Wanda ya zauna da makaɗi ko dattijuwa mai tatsuniya ya rubuta sunansu, da gari, da ranar hirar, bayan ya nemi izininsu. APA cikin rubutu kaɗai yake ambaton irin wannan, amma sassan Hausa da dama suna so a jera sunayen a ƙarshen kundi. Tun ranar hirar ake rubuta wannan a littafin aljihu, kafin a tashi daga tabarma.